Ƙirga shafukan littattafan da ba su da lamba

A kowane katin littafi da ke cikin akwatin laburare, ko a kwamfuta kamar yadda ake yi yanzu, akwai wani gajeren layi da mai neman littafi ba ya ko kallonsa. Shi ne layin da ke faɗin yawan shafuka, da ko akwai hotuna a ciki, da tsawon littafin a santimita. Mu ma'aikata da lambarsa muke kiransa, 300, domin nan ne gurbinsa a tsarin MARC da muke shigar da bayanai da shi. A yawancin littattafai cika wannan layi ba ya cin minti guda. Ka buɗe ƙarshen littafin, ka ga lambar ƙarshe da maɗaba'a ta buga, ka rubuta. In akwai gabatarwa mai lambobin Romawa ka sa ta a gaba, misali xii, 234. Ba a ce ka ƙirga komai ba, abin da littafin ya faɗa game da kansa shi kake kwafa. Sai ka aza rula ka auna tsawonsa, in ya ɗara santimita 21 ko da kaɗan ne ka rubuta 22.

Aikin ya zama wani abu dabam ne lokacin da iyalan wani malami da ya rasu a Gangare, a nan Jos, suka ba laburarenmu littattafansa. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka zo Jos a zamanin haƙar kuza, shi ma malami ne, saboda haka abin da aka kawo mana tarin mutum biyu ne, uba da ɗa. A kwalaye suka zo, wasu a buhu. Shugabar sashenmu, Hajiya, ta ce ni zan karɓa tunda ina karanta ajami.

Da na baje su a kan tebur sai suka rabu da kansu. Akwai manyan littattafan Larabci bugun Misra da Beirut, waɗannan ba su da matsala, lambobinsu a cike. Akwai ƙananan littattafai masu yawan gaske, na waƙoƙin wa'azi da na addu'o'i da na koyon sallah, wasu da boko wasu da ajami, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin Masallacin Juma'a ana sayarwa. Da yawansu ba lambar shafi, ba shekarar bugu, wasu ma ba sunan maɗaba'a. Akwai rahotannin wata makarantar Islamiyya da aka buga da tafireta. Sannan a ƙasan kwali na ƙarshe akwai gafaka guda biyu, cike da rubutun hannu.

Dokar aikinmu ta san da irin wannan. Tsohuwar ƙa'ida, AACR2 ta 1978, wadda yawancinmu muka koyi aiki a kanta, ta ce in littafi ba shi da lamba ka ƙirga da kanka, ka sa adadin cikin baka mai kusurwa, kamar haka [32], don mai karatu ya san ma'aikaci ne ya ƙirga, ba maɗaba'a ce ta buga ba. In littafin babba ne ka kimanta, ka nuna cewa kimantawa ka yi. Sabuwar ƙa'ida, RDA, wadda ta fito a 2010 kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma kanta a 2013, ta cire bakan, ta ce a faɗa a fili da kalmomi. Ta ba da hanya uku: ka rubuta ainihin adadin tare da cewa shafukan ba su da lamba, ko ka ce kimanin kaza, ko kuma ka ce mujalladi ɗaya ne mara lambar shafi, ka wuce abinka.

Hanya ta ukun nan Hajiya ta so mu bi, kuma tana da hujja. Akwai sababbin littattafan ɗalibai jibge suna jiran a shigar da su, ma'aikata kuma ba su da yawa.

Ta ce, "Malam, doka ta yarda. Ka rubuta mujalladi ɗaya ka ci gaba. In ka zauna ƙirga waɗannan 'yan littattafai, yaushe za ka gama?"

Na ce, "Hajiya, gaskiyarki a kan wanda wani ya riga ya ƙirga. Amma waɗannan, in ba mu ƙirga ba, ban ga wanda zai ƙirga ba."

Dalilina ke nan, har yau kuma ina kansa. Littafin yara mai hotuna da aka buga a Landan, ko da ba shi da lamba, laburare da yawa a duniya sun shigar da shi, za ka iya duba nasu ka kwafa. Ɗan littafin waƙar ajami da aka buga a Kano ko Zariya shekaru arba'in da suka wuce, sau da yawa in ka nema a intanet ba za ka sami wanda ya shigar da shi ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma da yawa cikin masu buga irin waɗannan ba su bi ta nan ba, kai-tsaye daga maɗaba'a sai kasuwa. Ka ga ke nan abin da muka rubuta zai iya zama shi kaɗai ne shaidar yadda cikakken littafin yake. In gobe wani ɗalibi a Sakkwato ya sami kwafi mai shafi 20, ta yaya zai san nasa ya yanke in mu ba mu faɗa masa namu 24 ne ba? Kuma mu a Jos mun ga abin da gobara ta yi wa laburaren Jami'ar Jos a 2016. Littafi yana iya tafiya, ya bar bayanin da aka rubuta a kansa kaɗai.

Muka daidaita a kan cewa duk wanda na samu an riga an shigar da shi a wani wuri zan kwafa in wuce, duk wanda ban samu ba zan ƙirga. Rubutun hannu kuwa babu ciniki a kansa.

Lokacin hunturu ne, wanda ya san sanyin Jos kuma ya san yadda yatsu ke ƙagewa da safe. Takardar ma ta bushe, tana karyewa in an matsa mata. Saboda haka sai rana ta ɗan ɗaga nake farawa, in wanke hannu in tsane shi sosai, ba mai ba basilin, in sa takunkumi saboda ƙura. Ba a lasar yatsa kamar mai ƙirga kuɗi a kasuwa, miyau yana barin tabo, kuma tawadar gargajiya ruwa yana narkar da ita.

Warƙa nake ƙirgawa, ba shafi ba. Warƙa ɗaya shafi biyu ce, gaba da baya, hannu yana jin ta, saboda haka kuskure ya fi wuyar shiga. Duk warƙa goma in sa ɗan siririn farar takarda a tsakani. In wani ya shigo ya yi sallama na amsa, ba sai na koma farko ba. In na kai ƙarshe sai in juyo daga baya zuwa gaba, in adadin biyu sun zo ɗaya in ninka in rubuta.

Abin da ya fi ƙirgar wuya shi ne sanin inda za a fara da inda za a tsaya. Bango ba ya shiga lissafi, haka farar warƙar da mai ɗinki ya ƙara a gaba ko a baya. Amma masu buga ƙananan littattafan nan ba sa ɓarnar takarda. Sau da yawa bangon da cikin takarda iri ɗaya ce, kuma basmala da baitin farko a bayan bangon suke farawa, addu'ar rufewa ta ƙare a cikin bangon baya. A irin wannan na sa bangon cikin lissafi, na kuma rubuta a layin ƙarin bayani cewa haka na yi, don wanda zai gwada nasa da namu ya san daga ina na fara. Tallan sauran littattafan mai shagon da ake bugawa a shafin ƙarshe shi ma na ambace shi, domin wani lokaci daga shi ake gane wanda ya buga da kusan zamanin da aka buga.

Ƙananan littattafan da aka ɗinke da fil a tsakiya suna da wata dabara. Kowane falle an ninka shi biyu ne, ya ba da warƙa biyu, shafi huɗu. Don haka in ka buɗe daidai inda fil ɗin yake, ka ƙirga warƙoƙin da ke gefe ɗaya, ka ninka sau huɗu, ka sami adadin. Warƙa takwas kafin fil, shafi 32 ke nan. Shi ya sa za ka yi ta ganin 16 da 24 da 32 da 48. In ka ƙirga irin wannan littafi ka sami 30, to akwai warƙar da ta yage, nemi gurbinta. Kusan kullum za ka ga 'yar'uwarta a ɗaya gefen tana lilo, ta saki fil.

Sai dai wannan dabara tana da rami, ramin kuma shi ya fi ɗaukar hankalina a duk aikin. Fallen da ya fi saurin ɓacewa shi ne na tsakiya, domin shi fil ɗin ke ci idan ya yi tsatsa. In ya fita, shafi huɗu cur sun tafi tare, littafi mai 32 ya koma 28, kuma 28 ma huɗu tana raba ta ba saura. Gefen dama da na hagu sun yi daidai, babu alamar yagewa. Lissafi ba zai taɓa nuna maka ba. Dole ka karanta layin ƙarshe na wannan shafi da layin farko na wancan, ka ji ko maganar ta haɗu. A waƙa abin ya fi sauƙi. In 'yar ƙwar biyar ce, ka ga shafi ya ƙare a ɗango na uku, na gaba ya fara da sabon baiti, ka san akwai giɓi. Marubuta waƙoƙinmu kuma sun taimaki mai irin aikina ba tare da sun san da shi ba, domin da yawansu a ƙarshen waƙa sukan faɗi yawan baitocinta, wasu su ƙara da ramzin shekarar da suka yi ta. Akwai wata waƙar wa'azi da ta ce baitocinta ɗari da ashirin ne, na ƙirga na sami ɗari da huɗu. Kowane shafi baiti huɗu yake ɗauka. Baiti goma sha shida, shafi huɗu, fallen tsakiya ke nan. Na rubuta shafukan da ke hannu, na ƙara da cewa kwafinmu bai cika ba da inda giɓin yake.

Na ajami suna da nasu tarkon. 'Yar bautar ƙasa da aka haɗa ni da ita, yarinya mai himma amma ba ta yi karatun allo ba, na zaunar da ita tun farko na nuna mata cewa daga dama ake buɗe su, abin da ta ɗauka baya shi ne gaba, kada hatimin laburare ya sauka a inda bai dace ba. Wasunsu kuma suna da lamba, ba dai irin wadda idonta ya saba ba. Mai kwafar da ya rubuta da hannu kafin a ɗauki hoton rubutun a buga, yakan sa lambar Larabci a saman shafi. Biyar ta Larabci kamar sifilin boko take, shida kamar bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai da za ka iya ɗauka datti ne. Da ta gane wannan, littattafai da dama suka fita daga jerin marasa lamba.

Rahotannin tafireta ba su ɓata mini lokaci ba. Fuska ɗaya aka buga, bayan fari ne, a irin wannan warƙoƙi ake rubutawa, ba shafuka ba. In ka ce shafi 80 alhali warƙa 40 ce mai rubutu a gefe ɗaya, ka sa mai bincike ya zaci abin ya ninka yadda yake.

Sai gafaka.

Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne sake, a jera su, a sa tsakanin tadarishi, wato bangon littafi na fata, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Haka ake yi a duk ƙasar Hausa da Borno har zuwa Timbuktu. Yana da amfaninsa, malami zai iya zare warƙa goma ya ba almajiri ya je ya kwafa ko ya yi bita, sauran littafin yana gabansa. Illarsa kuma ita ce iska ɗaya ko faɗuwa ɗaya ta isa ta hargitsa shi, warƙar da aka ara kuma ba lallai ta dawo ba. A nan Jos ɗin ma aikin ba baƙo ba ne. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci, kuma tun 1965 Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka fitar da jerin bayaninsu tare da na Lugard Hall a Kaduna.

Ƙa'idar farko a nan ita ce kada ka gyara komai kafin ka sa lamba. Ko da ka ga warƙa a juye, ko ka tabbata ba nan ne wurinta ba, ka bar ta. Da fensir mai laushi, ba biro ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa 'yar ƙaramar lamba a kusurwar sama, inda babu rubutu, kamar yadda na same su. Warƙa ake ba lamba, fuskarta ta gaba a kira ta 1a, ta baya 1b. Amfanin wannan shi ne duk abin da aka yi daga baya, ana iya mayar da kundin yadda mai shi ya bar shi. Jerin da malami ya bar takardunsa a kai shi ma labari ne. Wataƙila abin da ka ɗauka hargitsi, shi da gangan ya haɗa babi biyu daga littattafai biyu saboda tare yake karantar da su.

Bayan lamba sai bin sawu. Masu kwafa na da suna da al'adar rubuta kalma ɗaya a ƙasan shafin baya, can gefen hagu, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Da ita ake jera littafi mara lamba. Larabcina bai kai in yanke hukunci ni kaɗai a kan littattafan fiƙihu ba, don haka na roƙi wani dattijo, abokin karatun marigayin, ya zo ya zauna da ni. Ina karanto kalmar ƙasa, shi yana duba farkon ta gaba. Sau da yawa kafin in ɗaga warƙar ya riga ya ja jimlar da ka.

A gafaka ta farko muka tarar ba littafi ɗaya ba ne, uku ne a tadarishi ɗaya. Hannun rubutun ya canja, yawan layuka a shafi ya canja, takardar ma ta canja. Da na ɗaga wasu warƙoƙin ga hasken taga sai ga alamar jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, irin takardar da ake yi a arewacin Italiya ana kawowa ta hanyar Sahara, wadda malaman ƙarni na 19 suka yi rubutu a kanta sosai. Na ƙarshen kuwa a kan takarda mai layi aka rubuta shi, ta zamanin Turawa. Da na rubuta jimillar warƙoƙin kawai a layi ɗaya, da littattafai biyu sun ɓace a cikin na farko, babu mai neman su da suna ya same su. Kowanne na buɗe masa nasa bayanin, na faɗi daga warƙa ta nawa zuwa ta nawa yake.

A ta biyu muka zo warƙa ta 46, kalmar ƙasa ba ta haɗu da farkon ta 47 ba. Muka bi duk kundin muna neman warƙar da ta fara da wannan kalma, babu. Dattijon ya karanta ƙarshen wannan da farkon waccan, ya yi shiru kaɗan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, da yawa ne ya fita?"

Ya ce, "Daga tsakiyar babin zakka muka faɗa cikin azumi, ɗana. A irin wannan hannu, ba zai gaza warƙa shida ba. Ara aka yi. Shi Malam ba ya hana almajiri."

Ban rubuta shida a layin adadi ba, domin ban ƙirga shida ba. Na rubuta warƙoƙin da ke hannuna, 112, sannan a ƙarin bayani na ce akwai giɓi tsakanin ta 46 da ta 47, na faɗi babin da ya yanke da wanda aka ci gaba da shi, na kawo kalmar ƙasan da ba ta sami abokiyarta ba. In warƙoƙin suna cikin kayan wani tsohon almajiri a Bukur ko Bauchi, da wannan kalma za a gane su. Na kuma gaya wa babban ɗan marigayin, ya ce zai cigita a cikin ɗaliban mahaifinsa.

Hajiya ta duba bayanan kafin a sake su a kwamfuta. Ta gyara mini wasu alamomin rubutu, ta ce layin ƙarin bayanin wasu ya yi tsawo, muka rage. Sannan ta ce daga yanzu duk abin da ya shigo da ajami ko rubutun hannu a bi da shi haka, a rubuta matakan a manna a bangon sashe don masu zuwa.

Daga nan kundayen suka wuce wurin mai ɗaukar hoto, saboda masu bincike su riƙa dubawa a kwamfuta, a rage taɓa takardar. Na ba shi adadin kowanne a rubuce, na ce hotunan su zama ninki biyu na warƙoƙi, har da fuskar da ba rubutu. Na gafaka ta biyu ya kamata su zama 224, da ya kawo 222 ne. Muka bi lambobin fensir a jikin hotunan, muka ga daga 78 an tsallaka zuwa 80, warƙa biyu ne suka manne ya ɗaga su tare. Ya raba su a hankali da bakin siririn kwali, ya ɗauki 78b da 79a, muka sa su a gurbinsu.